Zaren Mayafin Katina

Yasawati na zaune a bayan ɗaki tana kankare kwakwa maƙwabciyarta Sila ta leƙo ta kan shinge.

"Yaya, kin ji? Kwamitin haikali ya ba Malama Nandani Katinar bana."

Yasawati ba ta ɗago ba. Shekara goma sha huɗu mijinta Jinasena yana jan ragamar bikin Katina a ƙauyen, ranar da ake yanka wa babban malamin haikali, wato ɗakin ibadarsu, sabon mayafi a ƙarshen damina, a ɗinka, a rina, a miƙa masa, duk a wuni ɗaya. Kullum wani gida ne ke ɗaukar farin yadin a ka, shi yana gefe yana tsara layi. Bana ne layi ya zo kan gidansu. Har zare ya sayo. Wata huɗu ke nan da zuciyarsa ta tsaya a gonar shinkafa.

"Sun ce ke kaɗai ba za ki iya ba," in ji Sila.

"Sun tambaye ni ne?"

"Malamar dai ta iya magana a lasifika."

"To, sai ta ɗinka mayafin da baki."

Ranar bikin da sassafe Yasawati ta bi jerin gwano daga can baya. Makaɗa a gaba, laima a sama, Nandani a ƙarƙashinta cikin farin sari mai guga, yadin a kanta. Shekara talatin tana koyarwa, rabin masu tafiyar ɗalibanta ne. Yasawati, da ta bar makaranta a aji uku, ta ga yadda mutane ke sunkuya mata, irin sunkuyawar da suke yi wa Jinasena.

A rumfar haikali aka yanka yadin falle-falle kamar gonar shinkafa. Can gefe tukunyar rini na tafasa da ɓawon wani itace da suke kira kos. Nandani ta buɗe jaka ta raba zare, fari tas, yana sheƙi.

"Daga birnin Kolombo ɗana ya aiko," ta ce. "Ba ya tsinkewa."

Kallo ɗaya Yasawati ta yi masa. Zaren nailan ne, ba ya shan rini. In aka tsoma mayafin zai fito ja-ja-ja, ɗinkin kuwa fari fat, layi-layi daga sama har ƙasa, kuma a lokacin babu sauran rana da za a sake. Kowa zai gani. Kowa zai ce a zamanin Jinasena ba a taɓa yin haka ba.

Ta ja bakinta ta tsuke. Ta zauna ta sha shayi, ta ci shinkafar madarar kwakwa, rabon da abinci ya yi mata daɗi haka tun ranar da aka kai Jinasena makwancinsa. Tana kallo mata suka haɗa falle na farko, suka haɗa na biyu.

Al'ada ce kowa ya soka allura ko sau ɗaya ne, ya ba mamacinsa ladan. Da layi ya zo kanta, Nandani ta miƙo allurar da hannu biyu.

"Yaya Yasawati, ga ta Jinasena."

Yasawati ta riƙe allurar. Ta daɗe tana kallon zaren da ke lilo a jikinta. Mutumin da ko igiyar fitila aka ɗaura a karkace sai ya kwance ya sake, shi za ta sa wa suna a wannan aikin?

"Malama, wannan zaren ba ya cin rini."

"Haba, Yaya. Mai tsada ne fa."

"Tsadarsa ta dame shi. Tsoma ki gani."

Sila ta gutsuro kaɗan ta tsoma a tukunya. Ya fito yadda ya shiga. Nandani ta dubi rana, ta dubi yadin.

"Yanzu ina za mu samo na auduga?"

Yasawati ta kwance ƙullin da ke ƙugunta, ta zube ƙwarya shida na zaren da Jinasena ya sayo. Ita kanta ba ta san me ya sa ta taho da su ba.

"Ku warware. Sila, matso nan, idonki ya fi nawa. Malama, ke riƙe mana almakashi, kada ki taɓa komai."

Kafin rana ta faɗi mayafin ya bushe, ja iri ɗaya, ba a ganin inda allura ta bi. Nandani ce ta durƙusa ta miƙa shi ga babban malamin. Da ta karɓi lasifika ta gode wa makaɗa, da mai injin wuta, da "duk iyayenmu mata da suka taimaka."

Har yau mayafin Malama Nandani ake kiransa. Yasawati ba ta taɓa gyara wa kowa ba, amma ba ta daina jin zafinsa ba. In sun haɗu a hanya, gaisuwarta ba ta wuce kalma biyu.

Kullum da safe takan je ta share farfajiyar haikali. Daga wajen igiyar da ake shanya mayafin take farawa. Yanzu da ya zama na malamin, mace ba ta taɓa mayafin, don haka sai ta tsaya da tsintsiya a hannu, ta bi gefensa na ƙasa da ido daga wannan kusurwa zuwa waccan, ta ga ko ɗinkin ya saki. Sannan ta sunkuya ta fara shara.