Sanda Mai Ƙafa Bakwai

Ranar Asabar ce a farkon Disamba, iska mai sanyi tana kaɗowa daga babban tafki har kwanon shagon Baba Triffitt yana ƙara. Ranar ce ya ce mu zo mu ga sandunanmu na fatsa, ni da Brodie ɗan kawuna.

Duk garin Miena an san halin tsohon. Ba ya tambayar mutum tsawon sandar da yake so. Sai ya fitar da kai bayan shago ka yi jifa uku da fatsa, ya tambaye ka inda kake kamun kifi, shi ke nan. Bayan wata huɗu ka karɓi abin da ya yanke, da sunanka rubuce da tawada a jikin gorar.

Shekara biyu ke nan ina fere masa gora tun da na bar makaranta. Brodie kuwa daga birnin Launceston yake leƙowa sau biyu a wata, ya shiga kwalekwale da takalminsa mai tsabta. Amma da aka zare sandunan daga jaka, tasa ƙafa tara ce, da zaren siliki ja a kan zobbanta. Tawa ƙafa bakwai.

Brodie ya jera su a bango ya fashe da dariya. "Kai Tate, wannan ta kifi ce ko ta korar kaji?"

Na ce, "Baba, gorar ce ta ƙare da aka zo kaina?"

"Ruwanka na auna, ɗana, ba kai ba," in ji shi, bai ko ɗago ba.

Ban saurara ba. Abin da na gani kawai shi ne baƙo ya fi ni da ƙafa biyu a shagon da nake sharewa.

Man sheƙin da aka shafa wa sandunan bai gama bushewa ba, don haka aka bar su a rataye. Da safiyar Lahadi na buɗe shagon da makullina, na ɗauki ta Brodie, na nufi ƙoramar da na saba kamun kifi. Akwai wani ƙaton kifin turawut da ke kwance a can ƙarƙashin saiwoyi, shekara guda ina fakonsa. Na so in kawo shi in ajiye a gaban tsohon, ya ga hannun da ya dace da doguwar sanda.

Ƙoramar matsattsiya ce, itatuwa sun yi mata rumfa. Jifa na farko ƙugiyar ta maƙale a ganye. Na biyu ma haka. Na durƙusa cikin ruwa na wurga ta gefe, ƙudan bogi na gashin tsuntsu da na ɗaura wa ƙugiyar ya sauka daidai hancinsa. Ya taso a hankali ya haɗiye. Na ɗaga sanda da ƙarfi, kanta ya daki reshe. Ƙas! Kan sandar ya karye, zaren ya tsinke, kifin ya koma gidansa.

Da na mayar da ita shago, Baba Triffitt ya daɗe yana juya guntun a hannu. Sai ya jawo wani dogon kara daga bayan ƙofa, mai tsage-tsagen awo a jiki.

"A watan Agusta na je ƙoramar nan taka, da wannan gwiwar tawa," ya ce. "Daga ruwa zuwa reshe, ƙafa bakwai da rabi. Ta Brodie awo ɗaya na yi mata, duk mai kwalekwale ita nake ba shi."

Ya sauko da tawa, ya ɗauki reza, ya kankare sunana harafi bayan harafi.

Ya ce, "Brodie zai zo Asabar, yaron mutane ba zai koma hannu rabbana ba, wannan zan ba shi. Ajiye makullin a kan tebur."

Abin da ya tafi ke nan: kan sanda ɗaya mai inci goma sha huɗu, ƙugiya ɗaya, kifi ɗaya, makulli ɗaya, da haruffa huɗu na sunana.