Mayafin Yaya Basira a Kan Igiya

Saura kaɗan in fasa rubuta labarin nan, don Zulaihat maƙociyarmu ce a Gyaɗi-Gyaɗi, ina jin nauyinta. Ita ta ce in rubuta.

Ana gobe walimar saukar ƙawarta a Tarauni, Zulaihat ta ƙwallafa rai a kan sabon mayafin yayarta Basira, mai ruwan zuma. Basira nas ce, ga son tsokana. Kuma ta san ƙanwar ta sha ƙasa a gwajin lissafi, don duk inda ta ga x = 3 sai ta zana layin a kwance.

Bayan la'asar Basira ta rataya mayafin a igiyar shanya, ta tsayar da Zulaihat a kan tayal ɗin tsakar gida, daidai saitinsa.

"Daga bangon hagu zuwa dama x ne, daga ƙofar ɗaki zuwa igiya y ne. Kina kan tayal na uku ta kowane ɓangare, igiya tana kan na shida. Zaɓi layinki, x = 3 ko y = 3. Ki bi shi, ban da kaucewa. In ya kai ki wurin mayafin, na ara miki."

"Haba Yaya, mayafin ma sai da jarrabawa?"

"Zaɓi, malama."

Zulaihat ta tuna a takarda y ne mai miƙewa sama. "Y = 3!"

Ta ɗaga ƙafa za ta yi gaba, Basira ta tare ta. "Ina zuwa? Kin ce y uku ne. Taku ɗaya ya zama huɗu."

Dole ta bi gefe, tana jan ƙafa, har ta tsunduma cikin bahon wankin Inna.

"Ke! Da ƙafa ake cuɗa min kaya yanzu?" in ji Inna.

Basira ta fashe da dariya har da riƙe ciki. Zulaihat ta koma wurinta, ƙafa na ɗiga, ta zuba wa tayal ido. Ashe harafin da aka ba lamba shi aka ɗaure, ɗayan ne ke yawo.

"X = 3," ta ce. Ba hagu ba dama, ta miƙe sak har gindin igiya. Tana kai hannu, Basira ta zuge mayafin can ƙarshen igiyar.

"Ayya, ya bar layinki. Sai haƙuri."

Zulaihat ta dubi igiyar, a kwance daga bango zuwa bango.

"To na sake layi. Y = 6!"

Kafin Basira ta buɗe baki, ta zura ta gefe ta fizge shi, ta shige ɗaki ta sa sakata.

"Ban ce a sake ba!"

"Ba ki ce kar a sake ba, Yaya!"

Washegari da safe ta goge mayafin, ta fesa masa turaren Basira, ta tsallake bahon Inna, ta fita ta tari adaidaita zuwa Tarauni.