Zanena da ya shiga sinima

Ponpon unguwarmu nan Dogon Dutsi ya lalace tun kaka, mata na tahiya har bakin kasuwa neman ruwa. Sai jikana Naziru da abokinshi Hilaire sunka ce za su yi sinimar ban dariya, a nuna, jama'a su zuba taimako a gyara.

Naziru ya zo ya tsuguna gabana. "Amarya, ara min shuɗin zanenki."

Na ce, "Miji ba cefane, sai aron zane?"

Na ba shi. Ashe ni za ya kwaikwaya! Ya ɗaura zane, ya duƙa bisa sanda, yana hwaɗin, "Na tuna, ban mance ba!" Hilaire ke ɗauka da waya, shi ke haɗa hotunan cikin odinatar, wato kwamfuta, har idanunshi su yi ja.

Guntayen da sunka saki cikin waya sunka kai har Matankari. Ƴan kabu-kabu na ɗaukar Naziru kyauta, ƴammata na tsai da shi a yi hoto, ko tuwo ba ya ci cikin sukuni. Da anka buga hoton talla, huskarshi kaɗai anka sa, ko sunan Hilaire babu. Naziru ya gani, abin ya yi mishi daɗi.

Ana gobe nunawa, Hilaire ya ce ba ya zuwa, sinimar kuwa na cikin odinatar tashi. Naziru ya ce, "Ƙyale shi. In hau dandali da zane ni kaɗai, ai ni mutane ke so."

To Lahadi, kakar Hilaire, ita ta shayar da ɗana, uban Naziru, shekarar da zazzaɓi ya ƙahe min nono. Ita coci, ni masallaci, ba ta tsaya tambaya ba. Irin wannan ba a gama biya. Na cire zanena bisa igiya, na kai gidanta, na aza ma Hilaire bisa cinya.

Da hantsi Naziru ya birkice ɗaki. "Kaka, ina zanen?"

"Yau ni ce Kaka? Aro ne, na amshe, na ara ma Hilaire."

"Sai in sayi wani."

"Sayi. Duk garin ga sun san ƙunar da ke bayan nawa, ita suke ma dariya in ka juya."

Ya tahi gidan su Hilaire, ina biye. Lahadi na tsakar gida tana tankaɗe. Ta ce, "A'a, babban mutum! Hilaire, kawo kujera, kada ƙasa ta taɓa shi."

Naziru ya tuɓe takalma ya zauna ƙasa. "Hilaire, na yi wauta."

"Wauta kaɗai?"

"Da girman kai."

"Ƙara dai."

"Ba ni iya komi in ba kai."

Hilaire ya jehe shi da zanen bisa kai. "Ɗaura, tsohuwar banza."

Na ce, "Kai, ina nan tsaye!"

Da la'asar gidan matasa ya cika maƙil. Kahin a kunna, Naziru ya jawo Hilaire gaban jama'a ya ce, "Ga mai aikin, ni zane kawai na ɗaura." Anka yi dariya har wani tsoho ya hwaɗo daga benci. Ƙwaryar taimako ta cika, anka juye, ta sake cika. Samarin ƴan kasuwa masu gemu, da ba su shiga kallo, su ma sunka aiko da nasu.

Ponpo ya kawo ruwa. Tulun hwarko Naziru ya aza bisa kai ya kai ma Lahadi, ni na sa shi.

Yanzu in na shiga kasuwa yara na bi na, "Na tuna, ban mance ba!" Sai in juya in ce, "Ƙwarai kuwa, kuma na san kakanninku." Zanen dai har yau ba su maido ba, kuma na tuna.