Takalmin Kan Danga

Takalmin aiki guda ɗaya tak, dama da hagu, shi Clarrie Tuckwell da maƙwabcinsa Ossie Brannigan suke karɓa-karɓa da shi a shekarar 1931. Ba ɗayansu ne ya saya ba. Na wani tsoho ne a layinsu da ya rasu, matarsa ta miƙo musu ta ce su san yadda za su yi. Suka kuwa sani. Litinin, Laraba da Juma'a na Clarrie ne, Talata, Alhamis da Asabar na Ossie, ran Lahadi takalmi ya huta kamar kowa. Wanda ya dawo da yamma sai ya rataye shi a kan dangar katakon da ta raba bayan gidajensu. Ba a roƙon canjin rana, ba a kuma godiya. A unguwannin bakin tashar jiragen ruwa ta Sydney, namiji ya gwammace ka zage shi da ka gode masa.

Wanda bai taɓa tsayuwa a ƙofar tasha ba, ba zai san darajar takalmi ba. Kullum da sassafe maza suke yin dafifi a wurin, helma mai zaɓen 'yan dako ya hau kan akwati ya yi ta nuni da yatsa: kai, kai, da kai. Kafaɗa yake fara dubawa, sannan ƙafa. Mai kambas ko mai takalmin da ya wage baki, ko kallo bai ishe shi ba, don buhun alkama ya fi wani ƙaton nauyi, kuma a kan falankai masu sartse ake hawa da shi. Waɗanda ba a nuna ba sai su bi tasha-tasha har rana ta take, su koma gida hannu rabbana.

Takalmin ya yi wa Clarrie yawa, don shi ɗan firit ne, sai yake cusa tsohuwar jarida a gaba. Ossie kuwa jibgege ne, da ƙyar ƙafarsa take shiga, don haka sai ya zaro jaridar, ya warware ta a kan gwiwa ya karanta. Daga nan yake samo duk iliminsa na duniya. Kullum rabin labari gare shi, amma hakan bai taɓa hana shi bayani ba.

"Kai Tsinke, zo ka ji abin da ya kashe mu," ya ce wa Clarrie wata safiya ta kan danga. "Manyanmu ne suka ciwo bashi a London, suka shimfiɗa layin dogo, suka kafa gadoji. Da me za a biya? Da ulu da alkama. To kasuwar Amurka ta rushe, duniya ta daina saye, ulu ya faɗi warwas, alkama ta koma kamar kyauta. Masu bashi suka ce ba su san zancen ba, a rage albashi, a sallami ma'aikata, a biya su. Maganin abin kuma shi ne..." Ya juya takardar. "Ɗan banza, ka yage wurin maganin!"

"Duba na hagu," in ji Clarrie.

"Na hagu tallan sabulu ne!"

Clarrie ya yi dariya, amma iyakarta leɓe. Matarsa Ivy ciwon ƙirji ya ɗauke ta a sanyin bara, ta bar masa Noreen, 'yar shekara shida. Shi ne mai girki, shi ne mai wanki, shi ya ɗinka mata riga da buhun fulawa, hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo, ta kuwa sa abinta tana taƙama. Abincinsu na katin gwamnati ne: burodi, shayi, sukari da ɗan kitsen shafawa. Yakan ce mata ya ci a waje, ya tura mata nasa.

Da Kirsimeti Merle, yayar marigayiya, ta zo daga gonarsu ta alkama can cikin ƙasa, tafiyar yini da kwana a jirgin ƙasa. Ta yi wa yarinyar wanka, ta ga haƙarƙari a waje da gyambo a ƙauri, ta fito idonta jawur.

"Clarrie, ba faɗa na zo yi ba," ta ce. "Na san iya ƙoƙarinka kenan. Amma yarinya ba uwa, uba ba aiki. In ka faɗi gobe, wa take da shi? Zan dawo Asabar ɗin farko ta Fabrairu. In har lokacin ba ka samu aiki ba, da ita zan koma. A can aƙalla akwai madara."

Bai iya musa mata ba, don gaskiya ta faɗa, kuma abin da ya fi yi masa ciwo kenan. Tun daga ranar helma bai nuna shi ko sau ɗaya ba.

Ran Laraba ta makon ƙarshe labari ya bazu a layi cewa gobe babban jirgin alkama zai tsaya, zai ci hannu da yawa, kuma wanda aka ɗauka shi zai yi lodi har a gama. Gobe Alhamis. Clarrie ya tsaya a bayan gida da takalmin a hannu, yana jin hayaniyar 'ya'yan Ossie rututu ta cikin danga, suna faɗa a kan ɓawon burodi. Ya daɗe a tsaye. Sannan ya rataye takalmin inda ake rataye shi, ya shiga ciki ya fara ninke kayan Noreen.

Gari bai gama wayewa ba ya ji tim, tim, an jefo takalmin tsakar gidansa, ashar ɗin Ossie na biye.

"Ɗauki tsiyarka! Ƙusa ta fito a ciki ta soke ni. Kai da ƙafarka kamar ta kaza, ka lalata mana takalmi. Ni yau ma bayana ciwo yake, babu inda za ni."

Clarrie ya tura hannu cikin na dama, ya tura cikin na hagu. Babu ƙusa, babu dalilinta.

"Ragon banza," ya ce. "Kwanta, matarka ta goya ka."

Queenie matar Ossie ta leƙo ta ce ya turo Noreen ta karya da yara. Ya tura ta, ya ɗaure takalmi, ya kama hanya.

A ƙofar tasha ba masaka tsinke. Clarrie ya kutsa har gaba, ya buɗe kafaɗa iya buɗewa, ya ɗan turo ƙafa inda za a gan ta. Yatsan helma ya wuce shi, ya dawo, idon ya sauka ƙasa ya hau.

"Kai."

Yana cikin wucewa ƙofa sai ya ji wata murya da ya sani daga can tsakiyar taro tana cewa, "Maigida, ga bijimi nan, ko ka fi son 'yan maruƙa?" Ossie ne, mai ciwon baya. Ya shige inda cunkoso ya fi yawa, kansa da kafaɗunsa kaɗai ake gani. Helma ya nuna shi daga nesa. Sai da suka jeru a gindin jirgi Clarrie ya ga abin da ke ƙafarsa: tsohon kambas ne da aka shafe da baƙin tukunya da kitse, an shimfiɗa kwali a ciki, an saki wando har ƙasa ya rufe.

"Ka haukace ne?" Clarrie ya ce ƙasa-ƙasa.

"Yara iska za su ci? Kama buhunka, Tsinke."

Aka fara. Rana ta Fabrairu ta buɗe, falankai suka yi zafi, ƙarfen jirgi ba ya taɓuwa. Mutum ya sunkuya a aza masa buhu a wuya, ya hau, ya sauke, ya dawo, babu tsayawa. Kafin hantsi kwalin Ossie ya narke da gumi. Kafin rana tsaka Clarrie, da ke bayansa, ya fara ganin jan tambarin jini a kan katako duk inda ƙafarsa ta hagu ta taka. Kowa ya san in helma ya gani, kora ce, kuma ba zai sake nuna shi ba har abada. Sai ga wani dattijo da ko sunansa ba su sani ba yana jan ƙafa a kan tambarin, yana tura ƙura da zubabbiyar alkama. Na bayansa ma ya yi haka. Layin gaba ɗaya ya koma jan ƙafa kamar masu ciwon ƙugu.

Da aka ba da hutun shayi, Clarrie ya ja Ossie bayan tarin buhuna, ya zauna ya fara kwance igiya.

"Mayar," in ji Ossie.

"Yau ranarka ce."

"Na ce akwai ƙusa."

"Ƙaryarka ta sha ƙarya. Miƙo ƙafar."

"In ka cire, kai za a kora, jibi a tafi da yarinya. Sannan me na yi kenan? Na zubar da jinina a banza?"

"In an kore ka fa, Queenie ta dafa musu me? Jaridar?"

Suka zuba wa juna ido, kowa ya cika ya yi fam. Can Clarrie ya zare warin hagu, ya zaro jaridar ciki, ya jefa masa takalmin a cinya. Ossie ya dube shi, ya dubi ƙafarsa da ta dagargaje, ya miƙa masa kambas ɗin hagu. Suka yanki tsohon buhu suka naɗe ƙafar da ba ta da rabo, suka saki wanduna. Haka suka koma layi, kowa da wari ɗaya, ɗaya na ɗingishi dama, ɗaya hagu. Sau ɗaya helma ya tsura wa ƙafafunsu ido. Ya tofar da yawu, ya juya yana kallon teku, don jirgi na jira kuma ba su taɓa yar da buhu ba.

Sai yammacin Juma'a aka gama lodi.

Ran Asabar da hantsi Merle ta iso da akwatinta. Ta tarar da ƙanshin nama a gidan, ga kwalbar madara a kan tebur. A bayan gida ta samu Clarrie zaune da ƙafa ɗaya cikin garwar kananzir cike da ruwan gishiri. An cire katako biyu daga dangar, wani ƙato daga ɗaya gidan ya zuro tasa ƙafar cikin garwar.

"Yaya Merle, sannu da hanya," Clarrie ya ce, yana ƙoƙarin tashi. "Na samu aiki."

"Zauna. Aikin na nan har yanzu?"

Bai iya ƙarya ba, ko ta ceton rai.

"Jirgin ya tashi jiya."

"To ka gani," ta ce a hankali. Ba ta ji daɗin faɗa ba, amma ta faɗa. "Noreen, ɗauko kayanki."

Yarinyar ta fito da ƙullin da ubanta ya ninke mata, ta tsaya a bakin ƙofa ba ta ko motsi. Clarrie ya kafa wa ruwan garwa ido. Alkawari alkawari ne.

Idon Merle ya kai kan danga, inda takalmin ke rataye, warin hagu ya yi baƙi da busasshen jini.

"Wannan fa na waye?"

"Na Baba ne ran Litinin," in ji Noreen. "Na Baba Ossie ne ran Talata. Amma shekaranjiya sun raba ɗai-ɗai."

Ossie ya fara tari yana cewa yara ba su san komai ba, amma Queenie ta riga ta leƙo da ludayi a hannu. Ta zayyana komai, tun daga ƙusar ƙarya har zuwa baƙin tukunyarta da aka kwashe, tana yi tana zagin mijinta, hawaye na bin kuncinta. Ta ƙare da cewa yarinyar nan kwana biyu a gadon 'ya'yanta ta kwana, kuma ba yau aka fara ba.

Merle ta zauna a kan akwatinta. Ta daɗe tana kallon ƙafafu biyun da ke cikin garwa ɗaya.

"An ce mana mu ƙara noma don ceton ƙasa," ta ce. "Muka ƙara. Ga alkamar can jibge a tasha, ɓeraye na biki. Maƙwabtanmu duk sun rufe gida sun shiga duniya. In na tsaya a ƙofa na ƙwala kira, babu mai amsawa sai hankaki. Mijina yanzu da dawaki yake hira." Ta goge ido da bayan hannu. "Na tambaye ka wa take da shi, Clarrie. A can madara ce kawai gare ni."

Ta tashi ta buɗe akwatin, ta fito da ƙwai naɗe a tsumma, da kwalbar kitse, da zuma. Ta miƙa wa Queenie rabinsu ta kan danga.

"Mayar da ƙullin nan ciki, 'yata. Amma ka ji ni da kyau, Clarrie, in na dawo lokacin sanyi na ga haƙarƙarinta, ba za mu daɗe muna magana ba."

Noreen ta yar da ƙullin ta ruga ta ɗafe wuyan ubanta, har ruwan garwa ya fantsama. Da matan suka shige ciki da ita, Clarrie ya juya wajen danga. Ya buɗe baki, kalmar da ba a faɗa ta taho har kan harshensa.

"Ossie..."

"Kar ka soma," in ji Ossie. "Litinin tawa ce, tunda ka cinye min rabin Alhamis. Kuma in za ka cusa jarida, ka nemo mai wurin maganin."

Clarrie ya sunkuyar da kai kan garwar kamar mai duba ƙafarsa, ya daɗe bai ɗago ba. Ossie ya juya yana kallon sama, ya bar shi ya gama.