Dawowar Garba Kowa

Ina tsakar gidan Ɗelu ina taya ta ɓarar gyaɗa sa'ad da mota ta tsaya a ƙofa, direba ya yi sallama ya ce ya kawo baƙo daga Maraɗi. Muka fita. Wani dogon mutum ne ramamme, ya naɗe wuyansa da tawul, ya dafa motar don kada ya faɗi. Ya dubi Ɗelu ya buɗe baki, amma abin da ya fito bai wuce iska ba.

Ɗelu ta daɗe tana kallonsa. "Zahara'u, ɗauko tabarma ki shimhiɗa mai a zaure," ta ce da ni, ta koma kan gyaɗarta.

Garba ke nan, ƙanenta. Katangarmu ɗaya da Ɗelu tun da aka kawo ni Madarumfa, amma shi sunansa kawai nake ji, shi ma ba da daɗin baki ba. Ya bar gari yana saurayi, ya bi 'yan wasan kwaikwayo na samariya, ƙungiyar matasa, zuwa Maraɗi, daga can Kano, daga Kano Legas, har ya yada zango a Kumasi. Da mahaifiyarsu Inde ta kwanta ciwon ajali an aika masa, ya ce yana da wasa, zai zo bayan salla. Salloli da yawa sun wuce kafin wannan motar ta tsaya.

Likitan Maraɗi ya ce ƙari ne a maƙogwaro, kuma ya riga ya yi nisa, a kai shi gida. Ɗelu ba ta hana shi komai ba. Tana dama masa kunu mai ruwa-ruwa, tana wanke masa riga, amma in ta ajiye kwano sai ta juya, ko sannu babu.

Ni ce nake zama wurinsa in na gama aiki. Sai na matso da kunne nake jin abin da yake faɗa. Ya ce a zangon Kumasi Garba Kowa ake kiransa, don babu wanda ba ya iya zama. A wasa guda zai fito tsohuwa mai koko, ya kewaya bayan labule ya dawo ɗan sanda, ya sake kewayawa ya dawo alhaji marowaci, ko mashayi yana wa'azi. Yana yi da Hausa, da Zabarmanci, da yaren Asante. Fataken goro, masu gemu da rawani, sun sha faɗowa daga benci don dariya. Daga baya kowa ya sami abin kallo a aljihunsa. Zauren da suke wasa aka mai da shi ma'ajiyar siminti, abokan wasansa suka watse, ya koma bin gidajen biki. Sai kuma muryar ta fara dushewa.

"Garin ga babu wanda ya taɓa ganina bisa dandali," ya ce. "Ko Inna."

Wata la'asar samarin unguwa suka ji labarinsa, suka zo da wayoyinsu, suka ce Baba ya yi musu wani abu su ɗauka. Na zaci zai ƙi. Sai ya miƙa hannu ya ari kallabina, ya ɗaura, ya dafa bango ya tashi. Ya rusuna, ya tura haɓa gaba, ya taka zuwa bakin zaure yana jan ƙafa ɗaya yana harare-harare. Wallahi tsohuwa na gani, irin mai faɗa da jikoki a kan ƙanzo. Dariya ta ƙwace mini. Ya juyo zai yi magana, tari ya sarƙe shi, ya durƙushe, jini ya ɗiga a ƙasa. Samarin suka tsaya cirko-cirko. Ɗaya ya duba wayarsa ya ce abin ba zai karɓu ba tunda babu murya. Suka yi masa Allah ya sawwaƙe, suka fita.

Ashe Ɗelu na tsaye bayan asabari tana gani. Da safe ta sa muka mai da shi ɗakin da mahaifiyarsu ta zauna. Ta kawo kunu, wannan karon ba ta juya ba, ta zauna a bakin gado.

"Garba, da kana yaro kakan yi muryar Inna, yadda take kiranmu in munka daɗe bakin tabki." Ta murza gefen zanenta. "Ni ta ɓace mini. Na yi, na yi, ba ta zowa. Yi mini ko sau guda."

Ya yunƙura muka tallafe shi ya zauna. Ya karkata kai, ya kai tafin hannu gefen baki, ya ja numfashi. Jijiyoyin wuyansa suka tashi. Wani ɗan huci ya fito, kamar an cire murfin tulu. Ya sake gwadawa, ya sake, har gumi ya jiƙa masa goshi.

"Yaya, tana nan cikin kaina," ya ce. "Ba ta hita."

"Bari hakanan," in ji Ɗelu. Ta kwantar da shi, ta goge masa fuska da mayafinta. Daga ranar ba ta ƙara barin ɗakin ba sai don salla, amma maganar da suka yi ba ta da yawa, don ko raɗar ma ta ɗauke.

Ya cika ranar kasuwa da hantsi, gari duk ya watse, masunta suna tabki. Mutanen da suka sallace shi ba su cika sahu biyu ba. Maigidana ya ce a hanyar maƙabarta wani baƙo ya tambaya ko mamacin me yake yi, aka ce masa ɗan ci-rani ne, ya daɗe a Gana.

Da yamma na leƙa ta katanga. Bayan rumbu, inda aka yi masa wanka, ƙasar ba ta bushe ba, kaji sun taru suna tono a wurin. Ɗelu na zaune a kan turmi da tsintsiya a hannu, tana kallonsu, ba ta kore su ba.