Tulun Da Ba A Buɗewa

"Na ce ba za ka fita da shi ba."

"Haba Inna, awa biyu fa. Hedimasta da kansa ya roƙe ni."

"To hedimastan ya kai nasa."

Barira ta faɗi haka ba ta ɗago ba, tana tsince tsakuwa a 'yar dawar da ba ta cika tafi biyu ba. Sama'ilu, ɗanta na fari, mai gadin firamaren garin, yana tsaye a kan tulun da ke kusurwar ɗaki. Irin wakensu ne a ciki, an cakuɗa shi da toka, an liƙe bakin da laka tun kaka. Saura wata biyu ruwa ya sauka. Ban da shi babu abin shukawa a gidan, don geron iri an cinye shi tun watan jiya.

Wasu 'yan wasa ne suka zo daga Kano a bas, suna bin makarantu da ganga da waƙa, wai yara su san mutanen da da suka ƙirƙiro dabaru: marina, maƙera, masu haƙa rijiya. A nan garin kuwa waƙar Ɗanliti za su yi, marigayi mijin Barira, wanda aka ce shi ya fito da dabarar tulun toka a shekarar babban fari, ya tsirar wa gari da iri. Nasu tulun na wasa ya fashe a gargadar hanya bayan Ungogo.

Duk macen da ta kai sittin a garin ta san Ɗanliti ko bakin randa bai taɓa rufewa ba. Shekarar farin yana Ikko wai cin rani, ya dawo da rediyo da tari. Amma mai takardar da ya zo bincike bara, a ƙofar masallaci ya zauna, maza ya tambaya. Su kuwa suka ba shi sunan namiji.

"Sunan Baba za a ɗaukaka, Inna."

"Allah ya ɗaukaka shi."

"Kuma kin san aikina a hannun hedimasta yake."

Barira ta ture faifan dawar gefe. A 'yan shekarun nan faɗa ma abinci yake ci, ita kuwa tun jiya ba ta sa komai a ciki ba.

"Ɗauki. Amma ka gaya musu ba a buɗewa."

Ya rantse zai faɗa. Da ya isa makarantar ya ga 'yan birni da takalma sau ciki, sai kunya ta kama shi, ya ajiye tulun ya ce ga shi nan.

Da hantsi aka zaunar da yara a gindin darbejiya. Barira ta samu gefe cikin mata. Wani saurayi ya fito da gemun auduga, shi ne Ɗanliti. Wata yarinya ta fito a matsayin matarsa, aikinta ta kawo ruwa, ta durƙusa, ta koma. Maƙwabciyar Barira ta zungure ta.

"Ga ki can. Ashe haka kike da ladabi?"

Barira ba ta yi dariya ba. Ganga ta ɗauka.

"Ɗanliti mai tulun toka,
Ƙwaro ya zo, ya koma da kuka."

Yaran suna amsawa a sanyaye, sai malami ya ɗaga bulala muryar ta ƙaru. Can da kiɗa ya yi zafi, saurayin ya ɗaga taɓarya kamar yadda ya saba a kowane gari, ya daki bakin tulun. Laka ta tarwatse. Ya cusa hannu ya watsa sama yana kirari, toka ta tashi, wake ya zubo a kan yara.

Wani ya ce, "Wake ne! Wallahi na gaske ne!"

Ba a ƙara jin ganga ba. Yara ɗari biyu suka yi wawaso, wasu a hula, wasu a bakin hijabi, wasu a baki da tokar da komai. Malamai na duka, ba wanda ya ji. Barira tana zaune. Abin da ta lura da shi kawai, gemun saurayin ya ɓalle gefe guda yana lilo.

Bayan an watse aka kira ta ofishin hedimasta. Shugabar 'yan wasan, Malama Asama'u, tana ta ba da haƙuri. Sama'ilu na raɓe jikin ƙofa, kansa a ƙasa.

Malamar ta ce, "Inna, a namu tulun tsakuwa muke zubawa. Ba wanda ya gaya mana. Za mu sayo miki wani a kasuwar Zakirai."

"Wannan jikan jikan na waccan shekarar ne. Ba ya kasuwa."

Malama Asama'u ta miƙo mata takardar yabo mai sunan Ɗanliti. Barira ta karɓa ta riƙe a juye.

"'Yar nan, ku gyara waƙarku. Kun sa an buɗe tulu ana murna. Toka kowa na da ita a murhu. Dabarar ita ce kada a buɗe."

Malamar ta ce, "To Inna, shi marigayin yaya ya yi?"

"Yana Ikko. Ni na zauna a kai, wata biyar, da yara biyu suna kuka. Wancan," ta nuna ɗanta da haɓa, don ba ta faɗin sunansa, "da ƙanwarsa Huseina. A wata na huɗu ta daina kukan. Aka kai ta, na dawo na zauna a kai."

Sama'ilu ya ɗago.

"Inna, kin ce mini zazzaɓi ne."

"Shi ma akwai."

"Da wake a ɗakin?"

"Shi aka shuka. Shi ka ci ka girma."

Ta juya ga hedimasta ta tambaye shi ko akwai tsintsiya, za ta je ta share gindin darbejiyar, ƙila a samu tafi guda a cikin ƙasa.

Sama'ilu ya dube ta, ya dubi tulun da aka shigo da shi ofishin ba komai ciki. Ya fita, ya bugo ƙofar langa-langar har allon sanarwa ya faɗo daga bango.