Rigar Gudun Auta

Ranar da Auta ta dawo daga makaranta ta ce an zaɓe ta cikin masu gudun mita ɗari, sai mahaifiyarta, Mai Ɗinki, ta ɗauko tef ta hau auna ta. Haka take. In murna ta kama ta, awo take yi. In tsoro ne, awon dai. Wannan karon kuwa duka biyun suka haɗe mata, har ta auna hannu ɗaya sau biyu.

Auta zabiya ce, shekararta tara. Allon aji sai ta matsa kusa take ganinsa, amma in aka ja layi da farar ƙasa aka ce ta bi, ba yarinyar da ke shan gabanta a ajinsu. Matsalarta rana. Minti kaɗan a tsakiyarta sun isa su mai da fatar yarinyar jawur. Gasar makarantar saura mako uku, kuma a fili fetal za a yi ta, wanda ko bishiya ɗaya ba ta yi kuskuren tsirowa a cikinsa ba.

"Ba za ta yi ba," in ji babanta, mai gyaran firji, mutumin da ya yi imani cewa duk abin da ake so ya daɗe, a sanyi ake ajiye shi.

"Za ta yi, Baban Auta. Ni fa tela ce. Rufe mutum ai shi ne sana'ata."

Ta shiga shago ta jawo wani farin boyel da ta ɓoye a ƙasan akwati shekara biyu, wanda mata huɗu suka roƙa ta hana. Yadi ne mai laushi, marar nauyi, iska na shiga ta fita ba sallama. Ta yanka riga mai dogon hannu, wuya a rufe. Da yake hannunta ba ya iya ganin yadi fili ya ƙyale, sai ta zauna ta yi wa bayan rigar fulawa uku da zare mai kauri, kowace da ganyenta. Kwana biyu ta yi a kai, tana ɗagawa tana yaba kanta.

Ranar gwajin gudu gari ya wayi da girgije. Mai Ɗinki ta shafa wa Auta man kare rana a fuska da bayan hannu, sauran jikin ta bar wa rigar amana.

Da yamma, wajen wanka, yarinyar ta ce bayanta na zafi. Uwar ta juya ta. Daga kafaɗa har ƙugu ja ne, ban da fulawa uku farare tas, kowace da ganyenta, daidai inda zaren ya kwanta.

Baban ya sa tabarau ya duƙa ya duba.

"Aikin dai ya fita," ya ce. "Ko ganye ɗaya ba ta tsallake ba."

Auta ta nemi madubi biyu, ta karkace tana leƙe. "Umma, wallahi sun yi kyau."

Mai Ɗinki ba ta yi dariya ba. Ta shafa wa yarinyar magani, ta wuce shago ta rufe ƙofa, ta zauna gaban keke ta yi kuka. Kunya ce ta fi damunta. Shekara ashirin tana gaya wa mutane yadin da ya dace da su, ga shi ta zaɓa wa 'yarta mafi kyau, mafi kyawun ya ci amanarta. Ta bayan ƙofa ta ji maigidan yana cewa, ba da faɗa ba, an gama maganar gudu.

Washegari ta kai Auta asibitin fata, wurin nas ɗin da ke duba ta tun tana goye. Nas ta duba bayan, ta danne dariyarta da ƙyar, sannan ta karɓi rigar ta ɗaga ta saitin taga, ta sa hannu a bayanta.

"Anti, yatsu nawa?"

"Uku."

"To in ke kin gani, rana ma ta gani."

"Ai akwai girgije ranar."

"Girgije zafi yake ragewa. Abin da ke ƙona ta wani haske ne da ido ba ya gani, shi kuma yana ratsa girgije, yana ratsa yadi mai shara-shara. Ki nemi mai saƙa a matse, mai duhu in da hali, ki yi shi da yalwa."

Ta nuna mata wata lamba a waya, a wurin da ake duba yanayi, mai faɗin ƙarfin wannan hasken. Da ƙarfe takwas na safe lambar biyu ce, da tsakar rana ta haura goma. In kuma ba waya, ta ce, a dubi inuwa: muddin inuwar mutum ta fi shi gajarta, lokacin fakewa ne.

Mai Ɗinki ta koma shago ta rufe tagogi da rana tsaka, ta kunna tocila, ta bi yadin shagon ɗaya bayan ɗaya tana haska su ta baya, har da na mutane da suka kawo ɗinki. Leshi ya faɗi warwas. Wani siliki mai tsada da take ji da shi ma bai tsira ba. Wanda ya hana hasken wucewa, don wulaƙanci, shi ne ragowar wani shuɗin yadi mai duhu da ta yi wa masu gadin wani kamfani yunifom da shi, wanda take shimfiɗawa a ƙarƙashin dutsen guga.

Ta ɗinka riga da wando da shi, da hula mai faɗin baki da leɓen yadi mai rufe ƙeya da igiya a haɓa. Ba fulawa ko ɗaya, kuma Allah ne kaɗai ya san yadda hannunta ya yi ƙaiƙayi.

Auta ta saka ta tsaya gaban madubi. "Umma, na zama mai gadi."

"Mai gadin da ya fi kowa gudu."

Saura maganar lokaci, don an sa gudun 'yan mata ƙarfe goma sha biyu. Shugabar makarantar, mace mai jiki da murya, ta ce an riga an buga takardar shiri, kuma babban baƙo sai sha biyu zai iso. Mai Ɗinki da gangan ta je da tsakar rana. Ta roƙe ta da ladabi su ɗan fita fili, ta zaro tef ta auna tsayinta, sannan ta durƙusa ta auna inuwarta, wadda ta takure a gindin ƙafafunta kamar kaza a ƙarƙashin mota. Ta karanta lambar tef ɗin, ta girgiza kai, ta sake aunawa.

"Maman Auta, sau nawa za ki auna ni?" in ji shugabar, gumi na bin wuyanta.

"Ki yi haƙuri, Malama. Minti huɗu kenan da fitowarmu. Yaran awa biyu za su yi a nan suna jiran a kira su."

Shugabar ta dubi filin, ta dubi ofishinta mai fanka. Aka mai da gudun 'yan matan ƙarfe takwas, babban baƙo ya ji labari in ya zo. Baban Auta ma ya sauko, bisa sharaɗin zai zo da lema, kuma ya zo da wadda za ta rufe mutum biyar.

Ranar gasar Mai Ɗinki ta shafa wa yarinyar mai ko'ina, har bayan kunne da ƙarƙashin riga, ta ɗaure igiyar hular, ta gyara mata baƙin gilashi. Aka busa usur. Idonta ya sauka a kan hannun rigar na hagu, da take zargin zai zame sama. Daga nan ya koma kan leɓen hular, ko iska za ta ɗaga shi ta buɗe ƙeya. Daga nan kan safa. Tana cikin lissafin ko wandon ya rufe idon sawu sai ta ji tafi, ta ga maigidan yana tsalle da lema.

Auta ta zo tana haki, ta biyu ta zo.

"Umma, kin ga inda na wuce mai jan wando? Kin gani?"

Mai Ɗinki ta buɗe baki. Za ta iya faɗin yadda kowane ɗinki na kayan nan ya motsa daga farkon layi zuwa ƙarshe, amma yarinyar da ke cikinsu ba ta gan ta ba. Abin ya soke ta, don ta san ba yau ta fara ba. Shekara tara tana duba fata, tana duba sama.

"Ban gani ba, Auta," ta ce. "Rigar nake kallo."

Murnar fuskar yarinyar ta ragu.

Uwar ta durƙusa ta riƙe kafaɗunta. "Rana ba ta ɗaga ba tukuna. Za ki iya sake yi mini? Ni kaɗai."

Auta ta koma farkon layi ita ɗaya, ana ta shirya masu tsalle a gefe. Babanta ya tafa hannu a madadin usur. Mai Ɗinki ta sa hannuwanta biyu a baya ta riƙe su gam, ta kalli 'yarta tana tahowa, kai a sama, baki buɗe da dariya, ƙafafu da ƙyar suke taɓa ƙasa. Ba ta taɓa sanin haka take gudu ba.